Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Naitirojin Da Farar Wuta A Abincin Shuka

Ina gode wa editan wannan mujalla tamu da ya ba ni fili a sashen Hausa, domin in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayani a kan wani darasi na kimiyyar aikin gona wanda nake ganin bai kamata ya tsaya cikin aji kaɗai ba. Dalili kuwa shi ne, a nan Sakkwato gidaje da yawa suna da gona a tudu ko garka a fadama, kuma kowa ya san yadda kuɗin buhun taki yake ci wa magidanci tuwo a ƙwarya.

Ga matsalar da nake so mu duba. Sau da yawa manomi zai ga masararsa ko albasarsa ta koɗe ta yi rawaya, sai ya ce yunwar taki ce, ya sayo yuriya ya zuba. Wani lokaci kafin mako ya zagayo shukar ta farfaɗo ta yi kore shar. Wani lokaci kuwa ko gezau. Sai ya sake cin bashi ya ƙara wani buhun, in abin ya ƙi ya ce an sayar masa da jabu. Gaskiya ne akwai takin jabu, amma ba kullum ne laifin yake wurin mai sayar da taki ba. Akwai yunwa iri biyu masu kama da juna, ɗaya yuriya tana maganinta, ɗaya kuwa yuriya ƙara ta take yi. Ta farko yunwar naitirojin ce, ta biyu yunwar farar wuta.

Su Wane Ne Waɗannan Biyun?

Masana sun lissafa sinadarai 17 waɗanda shuka ba ta rayuwa sai da su. Uku daga ciki tana samunsu daga iska da ruwa, sauran 14 kuwa saiwa ce take zuƙo su daga ƙasa. Waɗanda aka fi sani su ne naitirojin da fosfaras da fotashiyam, watau ukun nan da ake rubuta lambobinsu a jikin buhun kamfa, kamar 15-15-15 ko 20-10-10.

Naitirojin iska ne marar launi marar wari. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, amma duk da yawan nan nasa gero da dawa da masara ba su iya ɗaukarsa daga iska. Sai ya narke cikin ruwan ƙasa a siffar gishirin da ake kira naitiret, ko kuwa amoniyam, sa'an nan saiwa ta sha. Ita yuriya in an zuba ta a ƙasa mai danshi, cikin 'yan kwanaki takan juya ta zama amoniyam, daga nan ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa su mayar da shi naitiret.

Farar wuta kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce dunƙulen nan mai launin ɗorawa da 'yan koli suke sayarwa a kasuwa, ana shafa ta don ƙazuwa, maharba kuma suna sa ta cikin albarushi. Ko wanda bai taɓa ganinta ba ya taɓa jin warinta. Ita ce a ɗoyin baragurbi, da ita kuma a ƙaurin nan da yake tashi in ana babbakar kan rago ran Sallar Layya, domin gashi da ƙaho da kofato suna ɗauke da ita da yawa. Ita ma shuka ba ta cinta a dunƙule. Sai ta zama gishirin da ake kira salfet, ta narke a ruwa, kafin saiwa ta karɓe ta.

Inda Aikinsu Ya Haɗu

Babban aikin da shuka take yi da naitirojin shi ne gina furotin, watau sinadarin nan mai gina jiki wanda muke nema a wake da gyaɗa da nama. Shi furotin da ƙananan tubala ake gina shi, ana kiransu amino asid, kuma iri 20 ne. Dukansu akwai naitirojin a ciki. Amma biyu daga cikinsu, sistin da metiyonin, ba su haɗuwa sai da farar wuta. Tun da yake kusan kowane furotin yana bukatar waɗannan biyun, in babu su gini ya tsaya cik, ko da sauran 18 ɗin suna jibge.

An auna an ga cewa a furotin na shuka, kowane kashi 15 na naitirojin yana tafiya da wajen kashi 1 na farar wuta. Misalin da na fi ganewa shi ne na tela. In za a ɗinka babbar riga, yadi ake bukata da yawa, zare kuwa ɗan kaɗan ne. Amma in zare ya ƙare, ko an kawo wa tela turmi goma na shadda ba zai fid da riga ba, sai dai yadin ya taru a shago yana shan ƙura. To, naitirojin shi ne yadin, farar wuta ita ce zaren. Misalin ma ya dace ƙwarai, domin a cikin furotin farar wutar da take jikin wani sistin takan kama ta jikin wani su ƙulle, ƙullin nan kuwa yana cikin abin da yake riƙe furotin a siffarsa, kamar yadda ɗinki yake riƙe riga.

Abin bai tsaya nan ba. Naitiret ɗin da saiwa ta sha ba ya shiga ginin furotin kai tsaye, sai an sarrafa shi ya koma amoniya a cikin ganye ko saiwa. Masu wannan aiki wasu ƙananan ma'aikata ne da ake kira inzayim, kuma a cikin ƙirar jikin wasunsu akwai ƙarfe da farar wuta. Saboda haka in farar wuta ta yi ƙaranci, sarrafa naitiret ya ragu, saiwa ma ta rage zuƙarsa daga ƙasa. Wanda aka riga aka sha sai ya taru a ganye da kara ba tare da ya zama furotin ba, wanda ya rage a ƙasa kuma ruwan sama ya tafi da shi.

Haka kuma ta ɗaya ɓangaren. Kafin shuka ta mayar da salfet ya zama sistin, sai ta tanadi mazubin da zai karɓe shi, mazubin nan kuwa daga wani amino asid mai suna serin ake yinsa, wanda shi ma da naitirojin aka gina shi. In naitirojin ya yi ƙaranci babu mazubi, sai shuka ta rage shan salfet. Kun ga ke nan kowanne mabuɗin ɗakinsa yana hannun ɗan'uwansa. Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga nan za mu gane abin da ya sa na ce yuriya tana ƙara yunwar farar wuta. Gonar da ba a sa mata taki, shukarta ƙanana ce, 'yar farar wutar da take cikin ƙasa takan ishe ta. Da zarar an zuba yuriya, shuka ta zabura za ta yi girma, bukatarta ta farar wuta ta ninka, ƙasa kuwa ba ta da abin ƙarawa. Watau an ƙara wa tela yadi ba a ƙara masa zare ba.

Yadda Za A Bambanta Yunwar Biyu

Wannan shi ne wurin da nake roƙon iyayenmu su fi riƙewa, domin ba ya bukatar na'ura, ido kawai yake so. Dukan yunwar biyu suna sa ganye ya koɗe, kara ya sirance, shuka ta tsumbure. Bambancin yana ga wane ganye ne ya fara koɗewa.

Naitirojin mai saurin ƙaura ne a jikin shuka. In ya yi ƙaranci, shuka takan kwashe shi daga tsofaffin ganyaye na ƙasa ta kai wa sababbi na sama. Saboda haka na ƙasa ne suke fara yin rawaya su bushe, na sama suna nan da sauran korensu. A masara rawayar takan fara daga tsinin ganye ta bi tsakiyarsa.

Farar wuta kuwa mai nauyin jiki ce, inda ta zauna ba ta cika tashi ba, balle in naitirojin ya wadata, tsofaffin ganyaye ba su yi saurin tsufa sun sake ta ba. Saboda haka sababbin ganyaye na sama ne suke fitowa a koɗe, na ƙasa suna nan kore.

To, wanda ya zuba yuriya, aka yi ruwa, aka yi mako guda ko biyu, ya ga ƙasan shukarsa kore samanta rawaya, kada ya yi gaggawar sayo wani buhun. Sai dai a lura, ƙarancin ƙarfe ma yakan sa ganyen sama ya koɗe, amma shi jijiyoyin ganyen sukan zauna kore shar, tsakaninsu ne yake fari. Kwanciyar ruwa a gindin shuka ita ma takan kawo rawaya. In abin ya rikice, a tsinko ganyen sama da na ƙasa a kai wa malamin gona ya duba.

Me Ya Sa Ƙasarmu Take Fama Da Wannan?

Dalili na farko shi ne irin ƙasar. Yawancin farar wutar da take cikin ƙasar noma tana ɓoye ne cikin ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi, haka ma naitirojin. In waɗannan suna ruɓewa sai su riƙa sakin su biyun a hankali. Gonakinmu na tudu kuwa jigawa ce, rairayi ya yi yawa, ruɓaɓɓen abu ya yi kaɗan. Ƙasar fadama mai laka, irin ta Kwalkwalawa da sauran bakin gulbin Rima da gulbin Sakkwato, ta fi dama, domin laka tana riƙe abinci, ambaliya kuma tana kawo sabuwa. Amma ko a fadama, gefen da yashi ya yi yawa kuma ake noma shi rani da damina yana iya gajiya.

Na biyu, ruwan sama. Ruwan da muke samu a shekara ba shi da yawa, amma a dunƙule yake zuwa tsakanin Yuni da Satumba. Naitiret da salfet duka masu saurin narkewa ne, in aka yi ruwa mai ƙarfi a kan rairayi sai ya nutsa da su inda saiwa ba ta kaiwa.

Na uku, abin da muke yi da kara. Bayan girbi mukan kwashe karan dawa don danni da girki, karmami da harawa kuma don dabbobi. Abin da ya saura a tara a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Mutane da yawa suna ganin ai toka taki ce. I, akwai fotashiyam da wasu sinadarai a toka, amma naitirojin kusan duka, da farar wuta mai yawa, cikin hayaƙi suke tafiya.

Na huɗu, sama ba ta ba mu kyauta kamar yadda ta yi wa wasu. A Turai an daɗe hayaƙin kwal na masana'antu yana cika iska da farar wuta, ruwan sama yana sauko da ita gonaki, har manomansu ba su san yunwarta ba. Da aka yi dokokin rage hayaƙi, daga shekarun 1980 zuwa na 1990 sai yunwar ta bayyana a gonakin alkama na Ingila da Jamus, dole suka fara sa ta cikin taki. Mu kuwa a nan, wani masani mai suna Bromfield ya auna farar wutar da take saukowa cikin ruwan sama a Arewa, ya buga sakamakon a 1974, ya nuna 'yar kaɗan ce ƙwarai.

Na biyar, canjin taki. A zamanin da, takin zamanin da aka fi raba wa manoman Arewa shi ne sufa da salfa. Sufa don fosfaras ake sayenta, amma tana ɗauke da farar wuta wajen kashi 12 cikin 100. Salfa don naitirojin ake sayenta, kashi 21 cikin 100, amma farar wutarta ta kai kashi 24. Watau kakanninmu suna ba gonakinsu farar wuta ba tare da sun sani ba. Har ma an gina masana'antar sufa a Kaduna, ta fara aiki a 1976, shekarar da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa. Daga baya aka ga yawan zuba salfa shekara da shekaru yana sa ƙasa tsami, yuriya kuma ta fi ƙarfi da sauƙin dako, kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Aka buɗe masana'antar yuriya a Onne ta jihar Ribas a ƙarshen shekarun 1980, ta Dangote a Legas kuma a 2022. Wannan ci gaba ne, amma yuriya ba ta da farar wuta ko ƙwaya ɗaya, kamfa kuma wata tana da ita wata babu, sai an duba jikin buhu.

Amfanin Gonar Da Abin Ya Fi Shafa

Gyaɗa da wake su ne na farko. In ka tumɓuke gyaɗa za ka ga 'yan ƙululai a saiwarta. Cikinsu akwai bakteriya masu kama naitirojin na iska su ba shuka, shi ya sa ba a cika sa wa gyaɗa yuriya ba. Amma inzayim ɗin da suke aikin da shi, da ƙarfe da farar wuta aka ƙera shi. In babu farar wuta ƙululan ba su yin ƙwari, sai gyaɗar ta yi rawaya don yunwar naitirojin, alhali ga shi nan cike da iska a kanta. Tun a shekarun 1950 masu bincike a Arewa suka gano cewa amfanin da sufa take yi wa gyaɗa ba na fosfaras kaɗai ba ne, da hannun farar wuta a ciki.

Sai albasa da tafarnuwa, waɗanda ƙasar Sakkwato ta yi suna da su, daga Goronyo da Wurno da Gada har Aliero ta jihar Kebbi. Yajin albasa, da abin nan da yake sa iyayenmu mata hawaye in suna yankanta, da ƙamshin tafarnuwa, duk daga sinadarai masu farar wuta suke. Saboda haka bukatarsu ta fi ta hatsi. Albasar da aka cika wa yuriya, musamman dab da cirewa, takan yi ganye da kaurin wuya, ga ruwa, ba ta jimre ajiya.

Sai alkama, wadda ake nomawa da rani a wuraren ban-ruwa irin na madatsar Goronyo da ta Bakolori. Danƙon nan da yake sa kwaɓin fulawa ya miƙe ya tashi furotin ne, kuma ƙullin farar wuta yana cikin abin da yake riƙe shi. Alkamar da ta sha naitirojin ba ta sami farar wuta ba, kwaɓinta yakan yi tauri ya ƙi miƙewa, burodinta ba ya tashi sosai.

Mu ma abin ya shafe mu. Jikin mutum ba ya iya haɗa metiyonin da kansa, sai daga abinci. In ƙwayar hatsi ko ta wake ta fito da ƙarancinsa, cikin yaro zai cika amma ginin jikinsa ya ragu.

Ɗan Lissafi

Buhun taki kilo 50 ne. Buhun yuriya yana da naitirojin kilo 23, farar wuta babu. Buhun salfa yana da naitirojin kilo 10 da rabi, farar wuta kilo 12. Buhun sufa yana da farar wuta wajen kilo 6. In muka raba 23 da 15, za mu ga cewa naitirojin na buhun yuriya guda yana neman farar wuta wajen kilo 1 da rabi kafin ya zama furotin. A gona akan sa fiye da haka, domin ba duk abin da aka zuba saiwa take samu ba, albasa da gyaɗa kuma sun fi ci. Amma ko yaya aka lissafa, zaren ya fi yadin araha nesa ba kusa ba. Hasara ce babba a bar kilo 23 ya lalace saboda rashin kilo 2.

Shawarata

Na farko, kada a raina takin gargajiya. Kashin awaki da na shanu da na kaji, da juji wanda ya ruɓe sosai aka tsince masa leda, suna ɗauke da naitirojin da farar wuta tare, suna kuma taimakon rairayi ya riƙe ruwa. Mangalar takin da jaki yake kaiwa gona da bazara, da saukar makiyaya a gona bayan girbi, hikima ce ba ƙauyanci ba.

Na biyu, a rage ƙona shara. Abin da dabba ba za ta ci ba a bar shi ya ruɓe, ko a tara shi a rami.

Na uku, in za a sayi takin zamani a karanta jikin buhu. Harafin S shi ne alamar farar wuta. Mu 'yan makaranta wannan aikinmu ne, mu raka iyayenmu mu karanta musu. Sufa tun wajen shuka ake sa ta, yuriya kuwa a raba ta biyu, a binne ta kada a watsa a sarari.

Na huɗu, akwai dutsen jifsam da ake haƙowa a ƙasar nan tamu, wajen Dange da Shuni da Wurno, irin wanda ake sa wa siminti a masana'antu kamar ta Kalambaina. Tsantsarsa yana da farar wuta wajen kashi 18 cikin 100, ga kalsiyam da gyaɗa take so don kada ta yi ɓawo ba ƙwaya, kuma ba ya sa ƙasa tsami. Garinsa taki ne, amma a tambayi malamin gona yawan da za a sa. Ita kuwa farar wuta ta 'yan koli, ko an daka ta an zuba ba ta aiki nan take, sai bakteriya sun yi makonni ko watanni suna mayar da ita salfet.

Na biyar, ga 'yan'uwana ɗalibai, mu gwada da hannunmu. A ware kunya shida na masara a wurin da rairayi ya yi yawa. Uku a sa musu yuriya, uku a sa musu salfa, amma a daidaita naitirojin ɗin: kowane kilo 1 na yuriya daidai yake da kilo 2 da ɗan ɗori na salfa. Sauran aiki duka ya zama iri ɗaya. A riƙa duba launin ganyen sama kowane mako, da kaka kuma a auna abin da kowane ɓangare ya bayar. In na salfa ya fi, gonar tana yunwar farar wuta. In sun zo daidai, an san ba nan matsalar take ba, kuma shi ma ilmi ne. Gani ya kori ji.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Ina fata duk wanda ya karanta zai karanta wa wanda bai iya ba, domin in mutum ɗaya ya duba ganyen sama da na ƙasa kafin ya ci bashin buhu na biyu, to rubutun nan ya biya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa iyayenmu albarka a guminsu, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani, amin.